Filin Lantarkin Mota: Waifa Ta Tsaya, Makunni Ne Ko An Bar Jaki Ana Dukan Taiki?

Da saukar ruwan farko, saƙonnin da suka shigo mana daga Bauchi da Gombe kusan duk a kan waifa suke. Mun zaɓi biyar, masu gyaran lantarkin mota da ke riƙe da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja tsakanin Gombe da Bauchi. Tun watan Nuwamba ban taɓa waifa ba, sai shekaranjiya ruwa ya tare ni bayan Alkaleri, na murɗa makunni, ko motsi. Dole na faka har ruwan ya tsagaita. Wani ɗan riwaya ya leƙa ya ce makunni ne, in sayo wani. Yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi?
Direba, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Fakawar da ka yi ita ce daidai. Amma wanda ya leƙa da ido ya yanke hukunci bai auna komai ba. In waifa ta mutu ɗungurungum, babu LO (mai a hankali), babu HI (mai sauri), babu INT (mai tsayawa-tsayawa), makunni ne na ƙarshe a cikin waɗanda ake zargi. A cikinsa kowane mataki da nasa bakin tagulla, kuma da wuya su taru su mutu rana ɗaya. Abin da ke kashe su duka lokaci guda shi ne abin da suka yi tarayya a kansa: fiyus, wayar da ke kawo wuta, wayar da ke mayar da wutar jikin mota wadda a gareji ake ce wa at, ko kuma injin waifar kansa.

Fara da kunne. Murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tada mota ba, ka sa makunni a LO, ka kasa kunne a gindin gilashin gaba. In kana jin ƙugin injin waifa yana juyi amma hannuwan ba su motsa ba, to lantarki lafiya lau yake. Ko dai robar da ke haɗa sandunan da ke kai juyin injin ga hannuwan ta fashe sanda ta fita, ko notin hannun waifar ya saki haƙoran suka cinye. Wannan aikin sifana ne, lamba 12 zuwa 14, ba na ɗan riwaya ba. In ka ji wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar abu na son tashi an danne shi, kashe makulli nan take, ka duba amsar da muka ba mai tambaya na huɗu.

In kuwa shiru ne tsit, sai fiyus. A murfin akwatin fiyus za ka ga an rubuta WIP ko WIPER, ko an zana gilashi da hannun waifa. Yawanci amfiya 20, 25 ko 30 ne. Kada ka wadatu da ɗaga shi sama kana kallo, domin fiyus kan tsage ta inda ido ba ya gani. A bayansa akwai ƙananan ƙarafa biyu a buɗe. Maƙala ƙafar testa, wato abin gwajin wuta mai kawo haske, a jikin mota, ka taɓa kowanne da makulli a ON. Duka biyun su kawo haske. Ɗaya kawai ya kawo, fiyus ya ƙone. Babu wanda ya kawo, wuta ba ta ma iso akwatin ba, sai a koma wajen makullin mota ko rilen da ke ciyar da wannan layi, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa.

Fiyus lafiya? To yanzu aka zo wurin da gizo ke saƙa, wato soket ɗin injin waifa. Buɗe bonet, a motoci da yawa za ka gan shi a bangon da ke raba inji da ɗakin fasinja, a wasu kuma sai ka cire hannuwan waifa da baƙar robar da ke gindin gilashi. Zare soket ɗin. Shi ne alƙalin wannan shari'a, domin ya raba layin gida biyu: abin da ke wajen makunni, da abin da ke wajen injin waifa.

Ba ka faɗi ƙirar motarka ba, kuma a nan ƙira tana da muhimmanci. A yawancin Toyota na shekarun 1990 zuwa 2000 da wani abu, waya biyar ce. Ɗaya tana da wuta koyaushe muddin makulli na ON, a taswirar waya ana sa mata +B. Ɗaya ta LO ce, +1. Ɗaya ta HI, +2. Ɗaya ta kwantar da waifa ce, +S. Ta biyar ita ce at. Ba sai ka haddace launi ba, testa za ta nuna maka. Da makunni a OFF, ƙafa ɗaya ce kawai za ta kawo haske. Sa a LO, wata ta biyu ta kama. Sa a HI, waccan ta mutu ta uku ta kama. In haka ta faru, makunninka ya wanke kansa, ko da wa ya ce a canza shi. A Golf da Sharan da sauran motocin Jamus na da, aikin ɗaya ne sai dai lambobi ake bugawa a jikin soket: 53a mai wuta koyaushe, 53 ta LO, 53b ta HI, 53e ta kwantarwa, 31 ita ce at.

Ga inda ake yi wa makunni ƙazafi. Honda da Nissan da yawa na wancan zamani a baibai suke aiki: wuta na zuwa inji kai tsaye daga fiyus, makunni kuwa at yake bayarwa. Wanda ya maƙala testa a jikin mota yana jiran wayar LO ta kawo wuta, zai kwana bai ga haske ba, sai ya ce makunni ya mutu alhali ƙalau yake. A irin wannan mota ƙafar testa a kan batir mai alamar + ake maƙala ta, sannan a taɓa wayar LO da ta HI. Hasken da ya kama shi ne shaidar makunni ya ba da at.

Wani tarkon kuma mita ce, wato na'urar auna wuta. Mita ba ta jan wuta, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin tsatsa, za ta nuna maka bolt 12 cif. Da an ɗora wa layin nauyi sai wutar ta faɗi. Shi ya sa muka fi son testa mai ƙwai na gaske, ko ka ɗaura waya biyu a ƙwan tirafiketa mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 2. In ya haska fari tas, layi na da ƙarfi. In ya yi ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa, akwai tsatsa ko sakin waya a hanya. Haka za ka gwada at: waya ɗaya a kan + na batir, ɗaya a ƙafar at ta soket. Mai mita kuma ya auna tsakanin jikin injin waifa da – na batir lokacin da makunni ke kunne da soket a jone. Abin da ya haura bolt 0.2 at ɗin na son a kwance shi, a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito, a ɗaure.

Wuta ta iso, at na da kyau, inji bai juya ba: inji ne. Motar da ta yi wata shida waifa na kwance, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, gawayin injin, wanda ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a ciki, kan maƙale a gidansa. Ɗan ƙwanƙwasa jikin injin da ƙotar sukundireba makunni na LO. In ya zabura ya tashi, ka gane cutar, amma ba ka warkar da ita ba, a buɗe shi a wanke a duba tsawon gawayin. Sai in wutar LO da HI ba ta iso soket ba, alhali ta shiga makunni, sannan ne za ka ciro kuɗi.

Tambaya: Tawa waifar tana aiki a mai sauri kawai. Mai a hankali da mai tsayawa-tsayawa duk sun daina. Wani lokaci in na ɗan danne sandar makunnin da yatsa sai ta yi shara biyu ta tsaya. Me ke faruwa?
Malamar makaranta, Fadaman Mada, Bauchi

Amsa: Malama, kin kawo shaida mai ƙarfi da kanki. Da cewa kawai kika yi HI ke aiki, da mun raba zargi biyu, domin injin waifa gawayi uku gare shi: ɗaya na tarayya, ɗaya na LO, ɗaya na HI. Na LO ya fi shan aiki, shi ke fara cinyewa, kuma INT ta kansa take bi, shi ya sa suke mutuwa tare. Amma waifar da ke tashi in an danne sanda, ta mutu in an saki, wannan makunni ne ba tantama. Yatsanki ne ke matse bakin tagullar da ya daina haɗuwa.

A ciki akwai wasu ƙananan harsunan tagulla da ke zamewa a kan faranti, an shafa musu man giris tun daga masana'anta. Zafin motar da ake bari a rana a watan Maris da Afrilu yana busar da man, ƙura ta haɗu da shi ya zama kamar ƙanzo. Kowane kunnawa kuma ɗan tartsatsi ne, shi ke baƙanta tagullar har ya yi mata rami.

Sau da yawa ana ceto shi. A cire kan batir mai alamar –. A kwance ƙusoshi biyu ko uku da ke riƙe da murfin robar wuyan sitiyari. Wasu a ɓoye suke sai an juya sitiyari dama da hagu. A motocin Japan da yawa makunnin waifa daban yake da na fitila, an maƙala shi da ɗan harshen roba, a danna a zaro shi gefe ba tare da an taɓa sitiyari ba. Kafin a buɗe cikinsa a auna da mita a ma'aunin om: a LO tsakanin ƙafar wuta da ta LO kada ya kai om 1, kuma a girgiza sandar ana kallon mita. In lambar na tsalle, an kama ɓarawo. Buɗewar a yi ta a kan farin ƙyalle ko cikin tire, don akwai ɗan sifirin da ƙaramin ƙwallon ƙarfe da ke sa sandar ta riƙa yin ƙas-ƙas, in suka faɗa ƙasar gareji an yi sallama da su. A wanke tsohon man da feshin wanke bakin waya, a goge baƙin da sanfefa mai laushi sosai, lamba 800 ko sama, a ɗan ɗago harshen da ya kwanta, a shafa giris na lantarki kaɗan. Kada a zuba fetur, yana cin wasu robobin, kada kuma a cika shi da baƙin mai. In tagullar ta huje ko robar da ke kewaye da ita ta narke, gyara ɓata lokaci ne, a sayo wani.

Tambaya: Ni kuma in na kashe waifa sai ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar gilashi, sai na yi ta dabarar kashewa daidai lokacin da ta sauko. Abokina tasa ba ta tsayawa sam sai ya cire fiyus. Cuta ɗaya ce?
Ɗan kasuwa, Azare

Amsa: Alhaji, gida ɗaya suka fito. A cikin akwatin giyar injin waifa akwai wani makunni na biyu da direba ba ya gani: faifan tagulla mai giɓi a jikin babbar giya, da harsuna biyu ko uku da ke gogarsa. Aikinsa shi ne in ka kashe daga sitiyari, ya ci gaba da ba inji wuta har hannuwan su sauko, giɓin ya iso, wuta ta yanke.

Ka fara bambance abu biyu. In kullum a wuri ɗaya take tsayawa, ko yaushe ka kashe, to lantarki na aikinsa, ɗaurin ne aka yi ba daidai ba, galibi bayan an canza injin waifa. A kwance notin ƙaramar sandar da ke bakin inji, a kunna a kashe a bar inji ya tsaya da kansa, sannan a jera sandunan a ɗaure. In kuwa duk inda ka kashe nan take sandarewa, kamar yadda ka bayyana, layin kwantarwa ne ya yanke.

A gwada haka, a motar da makunninta wuta yake bayarwa: soket na jone, waifa na LO, a jiƙa gilashi, a sa bakin testa ta bayan soket a wayar kwantarwa. Ƙwan ya kamata ya kama, ya ɗan ɗauke sau ɗaya a kowane zagaye, daidai lokacin da hannuwa ke ƙasa. Bai kama ba sam: ko wayar nan mai wuta koyaushe ta mutu, ko harsunan sun cinye. Yana kamawa yana ɗaukewa yadda ya dace amma waifa ba ta kwanciya: yanzu makunnin sitiyari ne, domin a OFF shi ke haɗa wayar kwantarwa da ta LO, kuma mutane kan manta OFF ma mataki ne mai nasa bakin tagulla. Ta abokinka kuwa, in ƙwan bai ɗauke ba ko sau ɗaya, garin tagulla ya cakuɗe da giris ya cike giɓin, a wanke faifan. In yana ɗaukewa amma inji bai tsaya ba, rilen INT ne ya manne. A Golf 3 rilen a akwatin fiyus yake, an buga masa lamba 19 ko 99 a ka, a sa wani mai lamba ɗaya a gani. A Toyota da yawa a cikin makunnin yake, don haka tare ake canza su.

Abu ɗaya muke roƙo: kada ka yarda a huda maka dashbod a sa makunnin fitilar ɗaki a ja waya kai tsaye daga batir. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ka rasa kwantarwa, ka rasa INT, sau da yawa ma babu fiyus a layin.

Tambaya: Fiyus ɗin waifata ya ƙone sau uku a mako ɗaya. Yaron gareji ya naɗa masa silin waya, yanzu tana aiki amma a hankali, kuma ina jin warin roba a wajen sitiyari.
Ma'aikacin lafiya, Kaltungo

Amsa: Ɗan'uwa, cire wannan wayar yau, ba gobe ba. Warin da kake ji makunninka ne ke dahuwa. Fiyus ya ƙone sau uku ne don ya kare shi, yanzu an ɗaure wa mai gadi hannu.

Lafiyayyen injin waifa a jiƙaƙƙen gilashi abin da yake ja bai cika wuce amfiya 3 zuwa 5 ba, yana shara wajen 45 a minti a LO, 60 da wani abu a HI. In aka danne shi yakan ja ninkin haka sau huɗu ko fiye, kuma a tsofaffin motoci duk wannan wutar ta cikin makunni take bi. Tafiyar hawainiyar da ka ambata tana nuna sandunan da hannuwan waifa ke juyawa a kansu sun cije. Ƙura ta shiga, ruwa ya biyo baya, tsatsa ta kama. Motar da ke kwana ƙarƙashin dogon yaro ta fi shiga wannan hali, domin ganye na toshe magudanar da ke gindin gilashi, ruwa ya taru har ya shiga injin.

A ɓalle sandar daga bakin injin waifa. A kunna injin waifar shi kaɗai: in ya juya da sauri ba gurnani, lafiyarsa ƙalau. A kama hannun waifa a motsa da hannu, ya kamata yatsa biyu su iya kai shi su dawo da shi. In sai an sa ƙarfi, a cire ɗan zoben da ke riƙe da sandar, a buge ta ta fito, a goge tsatsar, a sa giris, a mayar. Lura kuma da lokacin da fiyus ke ƙonewa. In da murɗa makulli ne tun ba a taɓa makunni ba, waya ce ta goge ta taɓa jikin mota, a bi ta musamman inda ta ratsa bangon inji. In sai an yi minti biyar ana shara, nauyi ne. A mayar da fiyus mai lambar da aka rubuta a murfi, ba wanda ya fi shi ba. Bayan nan a zare soket ɗin makunni a duba: ƙafar da ta yi baƙi ko robar da ta narke tana nufin soket ɗin ma sai an canza, in ba haka ba sabon makunni zai bi sahun tsohon.

Tambaya: An tabbatar min makunni ne. Sabo zan saya ko na Beljiyam? Kuma mai gyaran ya ce sai an cire sitiyari, gaskiya ne?
Hajiya, Jekadafari, Gombe

Amsa: Ranki ya daɗe, ya danganta da motar. In irin Peugeot 307 ce, ko 406 da 206 na ƙarshe-ƙarshen fitowarsu, gaskiya ya faɗa. Makunnin waifa da na fitila da naɗin wayar jakar iskar da ke cikin sitiyari duk abu ɗaya ne da ake kira COM2000, ba ya fita sai an cire sitiyari. Kuma a waɗannan motoci makunni ba ya ɗaukar wutar injin waifa, saƙo kawai yake aika wa kwamfutar jikin mota mai suna BSI, ita kuma ta umarci rilen da ke akwatin fiyus na wajen inji. Don haka ki tambaya yaya aka tabbatar. Hanyar da ta dace ita ce a jona na'urar bincike, a motsa sandar, a ga ko kwamfuta na ganin kowane mataki. In tana gani, makunni ba shi da laifi. A irin wannan layi ba a cusa testa mai ƙwai, ba a kuma taɓa soket ko waya mai ruwan ɗorawa, ta jakar iska ce.

Kafin a taɓa sitiyari a miƙar da tayoyi, a cire kan batir, a jira aƙalla minti uku. A yi alama a sitiyari da sandarsa, kuma kada a bar naɗin wayar ya juya shi kaɗai. In aka mayar da shi a karkace, ranar da kika karya kwana sosai zai tsinke, ham ya mutu, fitilar jakar iska ta kama.

Batun saye kuwa, na asali da aka ciro daga wata mota sau da yawa ya fi sabon da ba a san masana'antarsa ba, muddin an gwada shi. Ki sa a tafi da tsohon a hannu. A gwama lambar da ke jikinsa, a Toyota tana farawa da 84652, sai lambobin bayan su dace. A ƙirga ƙafafun soket. A duba ko naki na da zoben rage ko ƙara tazarar INT, da na waifar baya in motar na da ita. Mota ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai makunninsu kan bambanta, wanda aka ciro daga mota mai sitiyari a dama kuma sandar kan faɗo ta ɗaya gefen. A yi sharaɗi da mai shago cewa in bai yi ba za a dawo da shi. A jona shi yana reto tun ba a rufe murfi ba, a watsa wa gilashi ruwa, a bi matakan ɗaya bayan ɗaya har da feshin ruwa, sannan a kashe lokacin da hannuwan ke tsakiyar gilashi a ga ko za su sauko su kwanta da kansu.